Wata Daga Cikin Ɗiyan Malam Labbo

Ku gyara zama, jama'a, don yau bakina cike yake, kuma tun daga farko ina roƙon kada wadda ta yi mini dariya sai na kai ƙarshe. Ni ce Shafa'atu, 'yar Malam Labbo na Bungudu. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar da ake shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Gusau, shekarar da kalma guda mai harafi huɗu ta nemi ta haukata ni.

Mu biyu ne mata a gidanmu, ni da yayata Hadiza, shekara guda tak ce tsakaninmu. Sa'o'inmu duk sun yi aure, wasu har da goyo, mu kuwa muna nan muna ta cin tuwon Inna. Kada ku ce mun rasa masoya, wallahi ba mu rasa ba. Babanmu ne matsalar. Malami ne mai karantar da manɗiƙi, wato ilmin auna magana, kuma shi ko sannu ka yi masa sai ya juya ta ya ga bayanta. Wani manomi daga Furfuri ya taɓa turo magabatansa, suka ce duk garinsu an shaidi halin ɗansu. Baba ya gyara rawani ya ce, "Duk? Har da jarirai?" Suka ce a'a, manya dai. Ya ce to su koma su nemo kalmar da suke nufi, sa'an nan su dawo. Har yau muna jiran su.

Ranar Inna ta jefar da muciya ta ce, "Malam, ɗiyan ga za su tsuhwa gabanka kana awon duk da wasu!"

Baba ya ce, "Ba duka ɗiya ka tsuhwa gida ba."

"To naka dai sun kama hanya."

A farfajiyar bayan zaure Baba yake karantarwa, ƙarƙashin durumi, kuma zana guda ce ta raba su da madafinmu. A gindin zanar nan nake zama da faifan wake ina tsinta, kunnena yana waje. A nan na haddace cewa magana kan jama'a iri huɗu ce: ko ka ce duk, ko ka ce wasu, ko ka ce babu, ko ka ce ba duka ba. Ɗaliban Baba masu gemu suna ta fama da ita, ni kuwa ta zauna mini a kai daram, har na zama ba a iya aike na cefane ba tare da na tambaya ko duk albasar ake nufi ba.

Wata Lahadi da hantsi sai muka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Keke fa! Na manna idona a 'yar kafar da na daɗe da ɓulawa a zana. Wani saurayi ne siriri, farin kaftani wankakke har yana ɗaukar ido, jar dara ta ɗan karkata, ga fensir maƙale a bayan kunne. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce sunansa Lukuman, daga Gusau yake, shi ne tafintan Baturen da ke aikin layin dogo.

"Allah gafarta Malam, kunya nis sha a Tsafe, shi yas sa niz zo."

Baba ya ce, "Wace irin kunya?"

"Bature na son ma'aikata arba'in. Yac ce mani wata kalma tasu, onli. Nuhinshi, babu wanda za a ɗauka sai mai galma. Ni ko nish shiga kasuwa nic ce duk mai galma za a ɗauke shi."

Baba ya ajiye carbi. "A ƙasar manoma kac ce duk mai galma?"

"Malam, da gari yaw waye, tun daga Kucheri har Tsafe ba ka ganin komi sai galma. Har da tsohon da anka ɗauko bisa jaki. Ni anka sa in ba su haƙuri ɗaya ɗaya."

Na cusa gefen zanena a baki don kada dariya ta kufce. Baba kuwa ya juya ga ɗalibansa ya ce su faɗa masa bambancin maganganun biyu. Tsit, kowa ya duƙar da kai yana wasa da gemu. Shirun ya yi tsawo har ya fara ci mini rai, sai na karkata wajen Yaya Hadiza da ke tankaɗe kusa da ni, da niyyar raɗa. Ashe muryata ta fi ƙarfin raɗa.

"Babu mai shiga madahin Inna sai mace, amma ba duk mace Inna ka bari ta shiga ba!"

Na ji maganar ta tsallake zana ta faɗa tsakiyar maza. Yaya Hadiza ta make ni da rariya. Can sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "To, kun ji, zana ta amsa."

Daga ranar Lukuman bai taɓa fashin karatun Lahadi ba. Ni kuma daga ranar waken gidanmu ya zama mafi tsabta a Bungudu, don sau uku nake tsince faifai guda.

Mako na uku Goggo Tambaya ta shigo. Ƙanwar Baba ce, fataucin goro take yi tsakanin Gusau da Bungudu, kuma ba abin da ke shige mata duhu. Ta jawo ni bayan rumbu, ta danƙa mini ƙunshin ganyen goro, ta ce, "Mai keke yac ce a ba zana. Na ce mashi zana na da suna, Shafa'atu aka ce mata. Karɓi, ni ban gani ba, ban ji ba."

Takarda ce a ciki, da rubutun ajami, tana ƙamshin goro da damshi. Gaisuwa ce kawai da tambaya kan wata kalmar Turanci, eni, wadda ya ce wani lokaci tana nufin kowa, wani lokaci kuma ko mutum guda. Na ba shi amsa. Ya sake aikowa, na sake amsawa. Tun tambayoyin suna kan Bature da galma, har suka fara karkatowa kan ko na ci abinci, da ko ina son turaren da ya gani a kantin Gusau. Na ce ba duk turare nake so ba. Ya aiko da kwalba uku don in tantance.

Yaya Hadiza ban faɗa mata ba. Ku fahimce ni, ba mugunta ba ce. Ita ce babba, ba ta da tsayayye, da wane baki zan ce mata ni ƙaramar na samu?

Sai ranar wata Alhamis, takarda ta zo da layi guda:

"Shafa'atu, babu wadda zan aura sai ke."

Wayyo ni! Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, na shiga ɗaki na rufe kaina da zane na karanta. Na rungumi akuyar Inna na sumbace ta a goshi. Miyar kukar da aka bar mini ta kama har ƙauri ya kai maƙwabta, Inna tana faɗa ni kuwa bakina har kunne, sai da ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Amma jinin Malam Labbo ba ya barin mutum ya ji daɗi cikakke. A karatu na goma sha wani abu na tsaya cak. Na ɗauko tawada na rubuta:

"Malam Tafinta, ka sake yin ta Tsafe. Maganarka ta hana ka auren wata, amma ba ta ce za ka aure ni ba. Wanda ya mutu tuzuru ma bai saɓa mata ba. Gyara."

Da na miƙa wa Goggo sai nadama ta kama ni. Wace irin yarinya ce za a ce ana son ta, ta mayar da takarda a gyara? Kwana huɗu ina zagin kaina. A rana ta biyar amsa ta zo, har tawadar ta ɗan tsiyaya don sauri:

"Akwai wadda zan aura. Ke ce ita. Kuma babu wata. In da sauran ƙofa ki nuna mini in toshe."

Babu sauran ƙofa, jama'a. Na duba ta sama, na duba ta ƙasa, na juya takardar baya. Ranar na san ina son mutumin nan so na gaske, don ban taɓa ganin namijin da mace za ta yi wa gyara ya dawo yana murna ba.

Bayan sati biyu baffansa, Malam Buba, ya iso da wasu dattawa biyu da huhun goro a kan jaki. Ni da Inna da Yaya Hadiza muka jeru a bayan zana, ni ina riƙe da ƙirjina kada bugunsa ya tona ni. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi dabbobi, har na fara jin haushin dabbobin. Daga nan Malam Buba ya sunkuyar da kai, irin na dattijon da ya san kunya, wanda ba zai kama sunan 'yar mutane gatsau a gaban ubanta ba.

"Malam, iri munka zo nema ma ɗanmu Lukuman. Wata daga cikin ɗiyanka."

Baba ya ce, "Wata kunka ce?"

"Awo, wata."

"Wagga magana ba ta da aibi. Na ba ku wata."

Aka shafa fatiha, suka tafi suna godiya. Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse, ta juya ta rungume Yaya Hadiza.

"Alhamdu lillahi! Babbar ta samu!"

Na ce, "Inna, ai ba su hwaɗi suna ba."

"Sai sun hwaɗi? Wa ka tsallake babba shi ɗauki ƙarama? Ke ma naki na nan tahe, ki bar gaggawa."

Na dubi Yaya Hadiza ina jiran ta ce ita ba ta ma san shi ba. Sai na ga ta ja gyale ta rufe fuska, ta tambaya can ƙasa-ƙasa, "Mai keken nan?" Muryarta tana rawa, kuma ba rawar tsoro ba ce.

Kafin la'asar Inna ta fiddo tasoshin da ta daɗe tana ɓoyo a ƙarƙashin gado, ta fara goge su da toka. Ta ce ranar Juma'a za a raba goro a dangi a sanar. In goron nan ya fita da sunan Hadiza, magana ta ƙare, babu mai dawo da shi. Goggo Tambaya tana Gusau, ba za ta dawo ba sai bayan Juma'ar. Ni kuma in na fito da takardun nan, Inna za ta ce na ci amanar gida, Baba kuma ban san me zai ce ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kuma ta yaya 'ya za ta tsaya gaban ubanta ta ce ni ake so? Ƙasa ma sai ta tsage.

Washegari da hantsi, kafin ɗalibai su taru, na dama fura na zuba nono mai kauri, na kai wa Baba gindin durumi. Na durƙusa, na ajiye, na ƙi tashi.

"Akwai magana?"

"Tambaya ta, Baba. Ta karatu."

Fuskarsa ta saki. Baba ko a tsakiyar cin abinci ka ce masa karatu, zai ajiye loma.

Na ce, "Mutum biyu sunka shigo kasuwa, kowane na cewa shina neman wata akuya. Na hwarko baƙi yay yi, yanka za shi yi. Na biyu tashi ta ta ɓace mashi. Maganarsu guda ta?"

"Lahazinsu guda."

"Amma na hwarko, kowace anka ba shi ta biya. Na biyu fa, Baba, in anka kamo wata akuya anka ba shi?"

"Bai samu ba. Har gobe nema shikai." Ya ɗaga ludayi, ya tsaya da shi a sama. "Don shi wata tashi sananniya ta a zuciyarshi, sunanta na kawai bai hwaɗi ba. Wanda yac ce wata, ba lalle kowace yac ce ba."

"Shi na abin da ban gane ba, Baba."

Ya dube ni, ya daɗe yana duba na, ni kuwa na ƙura wa tabarma ido kamar ni aka ba aikin ƙirga zarenta. Kunnuwana suka yi zafi.

"Ke ka tambaya, ko zana?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya ajiye ludayin a hankali. "Shekara talatin ina koran mutane kan kalma, jiya kalma ta wuce ta gabana ban tsai da ta ba. Tashi ki tahi. Ki ce ma innarki kada goro shi hita gidan ga sai na aika Gusau na tambaya wace."

Ban san da ƙafa na koma cikin gida ko da fiffike ba. Na shiga bayan rumbu na taka rawa ni kaɗai, ba kiɗa, jigidata tana kacau-kacau. Inna ta yi ta mita wai Malam ya fara halin nasa, zai kori wannan ma. Yaya Hadiza ta ci gaba da saƙar faifanta. Na ji tausayinta, Allah ya sani na ji, amma murnata ta fi ƙarfin tausayin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba.

Ranar Asabar Malam Buba ya dawo da kansa, Goggo Tambaya tana biye da shi a kan nata jakin. Tun da safe na yi wanka da sabulun salo, na ɗaura saƙina mai ratsin ja wanda nake ajiye wa salla, na zizara kwalli, na sa murjani a wuya, na shafa turaren kwalba ta biyu, wanda na tantance. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma bikin wa?" Na ce wankin sauran zannuwan ne bai bushe ba.

Muka sake jeruwa a bayan zana, yanzu mu huɗu har da Goggo, tana ta zungurina da gwiwar hannu.

Baba ya ce, "Malam Buba, kun ce wata. Wace?"

Malam Buba ya yi 'yar dariya. "Malam, a yi muna ahuwa, kunya ta. Shafa'atu muka nema."

Jama'a! Sunana a bakin dattijo, a gaban Baba, a gaban duniya! Goggo ta cika baki da iska za ta saki guɗa, Inna ta buɗe baki ta kasa rufewa, ni kuwa na damƙe kara guda na zana har ya karye a hannuna. A cikin kaina har na hau bayan keke, har mun wuce kasuwar Gusau mata suna nuna ni.

Sai Malam Buba ya ɗaga hannu.

"Kuma don kada a sake samun kuskure, yaron yac ce in hwaɗi kamanninta. Doguwar nan mai wushirya, wadda ka kawo ma ɗalibai ruwa. Yac ce tun randa ta amsa tambaya daga bayan zana, ta hito da ƙwaryar ruwa ta yi murmushi, bai sake samun natsuwa ba."

Guɗar Goggo ta maƙale a wuya, ta koma tari.

Ni gajera ce. Haƙorana a haɗe suke tsaf, ko zare ba ya ratsa su. Kuma ni ban taɓa kai ruwa gindin durumi ba, don Baba ya hana tun ranar da na yi gardama da wani ɗalibinsa. Yaya Hadiza ke kaiwa, kowace Lahadi. Ita ce doguwa, ita ce mai wushirya.

A waje Baba ya yi magana a hankali, ba da muryar da yake kama mutane da ita ba.

"Malam Buba, akwai Shafa'atu gidan ga. Akwai mai wushirya gidan ga. Amma babu Shafa'atu mai wushirya. Wadda kuka nema, babu ta."

"Subhanallahi! To yaya ke nan, Malam?"

"Gobe Lahadi. Shi zo da kanshi. Su biyun za su hito, shi hwaɗi wace."

Na sulale na zauna a kan turmi da saƙin sallata da murjanina. Duk takardun nan, duk gyaran nan, duk turaren nan, ashe yana karanta maganata ne yana ganin fuskar yayata. Ban san wadda yake so ba. Abin da ya fi ciwo, ina jin shi ma bai sani ba.

Na ɗaga kai. Yaya Hadiza tana tsaye jikin zana, ta rufe bakinta da tafin hannu, hawaye yana bin bayan yatsunta. Ta dubi kwalliyata, ta dubi Goggo, na ga ta gane komai a lokaci guda. Ta matso ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna, nata ya yi sanyi ƙalau.

"Shafa'atu, ki yahe mani," ta ce, a hankali yadda Inna ba za ta ji ba. "Ni ma ƙirgan Lahadi nikai."